Fatihar da Yahuza Bai Shafa Ba

Yahuza ya kwance bakin ledar da yayarsa Larai ta miƙo masa, ya kai hanci, ya yi saurin kawar da kai. Bai sake shinshinawa ba. Duk wanda ya girma a layin 'yan hatsi na kasuwar Kankara ya san warin fiya-fiya, maganin ƙwarin nan da ake fesa wa wake, ko da an yi masa wanki bayan wanki.

"Wajen wa kika saye shi?"

"Wajen Lawwali," in ji Larai. Idonta na kan 'yarta Hussaina, wadda ke kwance a gadon asibiti an ɗaura mata ƙarin ruwa, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. "Na zo kasuwar da ta wuce anka ce mini ka tahi Sabuwa. Nashi kuma ya hi sauƙi, sai na auna. Jiya na yi alala da shi."

Da sana'ar alala Larai ke riƙe da gidanta a Mabai tun rasuwar mijinta. Tukunyar farko ce ta sauke, ta ba Hussaina da 'ya'yan maƙwabta biyu kafin ta zuba a bokiti. Ba a jima ba yaran suka fara amai, yawu na zuba, idanu na juyawa. A kan babura aka kawo su Kankara, kowane a ƙirjin uwarsa. Nas ta ce da yardar Allah za su tashi, amma ta ce a zubar da sauran waken, kada ko akuya ta ci.

"Ban kai ga hita da tallar ba," Larai ta ce a hankali. "Da na kai ta bakin makaranta kamar kullum, yau ɗiyan mutane nawa ke kwance nan? Kai ke cikin kasuwar nan, Yahuza. Mi kuke sayar muna?"

Yahuza ya san amsar sarai. Manyan layi kan sayi wake da kaka, su yi masa wanka da fiya-fiya, su kulle a sito har watanni su ja, warin ya fita, sannan a buɗe. Bana kuwa noman ya yi ƙaranci, don gonakin da ke wajen Faskari da yawa ba a shiga ba saboda 'yan bindiga, farashi ya yi sama da wuri. Sai haƙuri ya ƙare wa masu sito, aka buɗe tun maganin na ɗanye. Kowa a layi ya ji warin, kowa kuma ya yi kamar mura yake yi, har da shi Yahuza.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Alhaji Gide ne.

"Yahuza, ya jikin yarinyar? Allah shi ba ta lahiya. Akwai taron ƙungiya bayan azahar, kar ka makara."

Alhaji Gide shi ne shugaban ƙungiyar 'yan hatsi, kuma shi ne ubangidan Yahuza. Shi ya ɗauko shi daga dako yana matashi, ya koya masa awo, ya koya masa gane hatsi da tauna, daga baya ya sa ƙungiya ta ba shi rumfa a tsakiyar layi. Da wannan rumfa Yahuza ya yi aure, da ita yake ciyar da mata da 'ya'ya, kuma ƙungiyar da ta ba shi ita ce mai ikon karɓewa. Ko bayan ya tsaya da ƙafarsa Alhaji bai yar da shi ba. Duk ranar kasuwa da la'asar direbansa Muttaka zai zo ya auni waken gida a wurin Yahuza, alhali Alhaji na da sito cike da wake har rufi. Yahuza ya sha faɗa wa matarsa cewa irin wannan karamci sai manya, a zo a saya a wurinka don kawai a ƙarfafa maka gwiwa.

Shi nasa waken ba ya ganin magani. A buhu mai leda a ciki yake ɗure shi, ya matse iska, ya ɗaure tamau, ƙwarin su mutu da kansu. Aiki ne mai cin rai, buhun kuma da tsada, shi ya sa 'yan layi ke kiransa ɗan boko. Abu na biyu da ya ƙara masa wannan suna shi ne shafin da ya buɗe a Fesbuk mai suna Kasuwa Yau, inda yake ɗora yadda farashin hatsi ya kwana a Kankara da Faskari da Sabuwa. Da farko dariya aka yi masa. Amma tunda hanya ta zama abin da ta zama, manomin Tafoki ba ya ɗora buhu a babur sai ya sa an duba masa abin da Yahuza ya rubuta, don ba wanda ke son ya sa ransa a hanya a banza. Bai taɓa ƙara ko rage musu ba, su ma sun san haka.

Daga asibiti ya wuce kasuwa, ledar waken na cikin aljihun rigarsa.

An yi taron a babbar rumfar ƙungiya da ke bayan masallacin kasuwa. Masu sito na gaba a kan kujeru, masu awo da dillalai na baya a kan tabarmi, kowa ya san wurinsa ba sai an nuna masa ba. Alhaji Gide ya yi sallama cikin muryarsa mai sanyi. Mutum ne da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, don bai taɓa buƙatar haka ba.

"Jama'a, magana ta tashi cikin gari," in ji shi. "An ce wakenmu ya kwantar da yara. Munka bincika, lokacin amai da gudawa ne, ruwan ƙauye kuma kun san yadda yake. Jibi tireloli na tahe daga kudu. In maganar nan ta hita, juyawa za su yi su tahi wata kasuwa, kuma ba ni kaɗai zan ji a jikina ba. 'Yan dako da masu ɗinkin buhu da matan da ke sharar hatsi, duk a nan suke ci."

Kawuna suka gyaɗa. Gaskiya ce, kuma abin da ya fi ba Yahuza haushi ke nan, yadda Alhaji ya iya ɗauko gaskiya ya lulluɓe abin da yake so da ita.

Lawwali ya miƙe daga baya. Ƙaramin mai awo ne, waken siton Alhaji yake karɓa ya sayar, bai fi ƙarfin abincin yini ba. Fuskarsa a kumbure take kamar wanda bai yi barci ba.

"Ni dai wallahi ban cuci kowa ba," ya ce. "Waken nan muke ci a gidana, ni da ɗiyana. Alhaji ya ce in an wanke shi da kyau ba komai. In da akwai wani abu ai da shi ma bai ci."

"Zauna, Lawwali, ba wanda ya zarge ka," in ji Alhaji. "Abin da munka tsayar shi ne, kowa ya kama bakinshi. Shi kuma ɗanmu Yahuza, tunda mutane na jin maganarshi a waya, zai rubuta cewa waken Kankara lahiyarshi lau, jita-jita ce. Akwai mai magana?"

Haka ake tambayar a kowane taro, kuma ana yin ta ne daidai lokacin da mutane suka fara laluben takalma. Tun da Yahuza ya shiga ƙungiyar bai taɓa ganin wanda ya amsa ta ba. Shi ma bai amsa ba. Maganar ta zo masa har baki, ya dubi bayan wuyan mutanen da ke gabansa, ya tuna rumfarsa, ya haɗiye. Ya ji ya tsani kansa.

Ƙungiyar 'yan hatsi ba ta ƙuri'a, ba ta sa hannu a takarda. Fatiha ce sa hannunta. In aka gama magana sai a ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa, duk wanda tafinsa ya taɓa fuskarsa ya amince ke nan, ko da bai ce uffan ba. Wanda ya shafa ya dawo ya saɓa, ba ya sake zama cikin mutane a layin nan. Dattijo Malam Uwais ne ke rufe taro tun Yahuza na ɗaukar buhu, kuma har ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Malam, yau a hutar da kai," in ji Alhaji yana murmushi. "Yahuza zai yi muna addu'a. Yaro ya girma."

Wasu suka juyo suna kallonsa da sha'awa, don girma ne babba. Yahuza kuwa ya gane. Alhaji ya san 'yar wa ke kwance a asibiti, ya kuma san yaron da ya taso a hannunsa. Shiru kaɗai bai ishe shi ba, so yake bakin Yahuza da kansa ya roƙi albarka a kan maganar, ta yadda gobe ba zai iya buɗe shi ba.

Hannaye suka tashi ko'ina a rumfar. Na Yahuza suna kan gwiwoyinsa.

Aka jira. Wani ya yi tari. Daga waje ana jin ƙarar injin niƙa da muryar mai rake.

"Muna jiranka," in ji Alhaji.

"Alhaji, a yi mini haƙuri. Ba zan iya ba."

"Ka manta fatihar ne?" wani dillali ya tambaya, aka yi 'yar dariya.

"Ban manta ba." Yahuza ya miƙe. Ya zaro ledar daga aljihu ya kwance, ya ajiye a kan tabarma a tsakiyar mutane. "Ga waken da yayata ta saya a layin nan. Duk mai hanci ya matso. Ba ruwan ƙauye ba ne, kowa nan ya sani. Ni ma na sani tun ranar da anka buɗe sito, na yi shiru, yau ga ɗiyar yayata da allura a hannu. Mi zan ce ma Allah? In ce shi sa albarka a cikin ƙarya?"

Ba wanda ya matso. Ba a ma buƙata, warin ya riga ya kai ga na kusa, suna ta kawar da fuska kamar ba shi suka kwana suna shaƙa a rumfunansu ba.

"Yahuza, da Alhaji kake magana," in ji Malam Uwais.

"Na sani, Malam. Shi ya koya mini in tauna hatsi kahin in yaba shi. Ban ce a zubar da dukiyar kowa ba. A mayar da shi sito, a kulle har maganin shi hita, a sayar da wanda ke da lahiya. Tirela ta jira. In ba ta jira ba ta tahi."

"Kai za ka ciyar da 'yan dako in ta tahi?" wani mai sito ya ce daga kan kujera.

"Ba ni da abin ciyar da su. Amma ɗiyansu ma alala suke ci."

Alhaji Gide bai daina murmushi ba, sai dai murmushin ya tsaya a leɓe. Ya daɗe yana kallon Yahuza, irin kallon da yake yi wa buhun da yake zargin an cusa wa tsakuwa a ƙasa.

"Ni na ɗauko ka daga ƙarƙashin buhu," ya ce a hankali.

"Ƙwarai, Alhaji. Har in mutu ba zan musa ba. Amma wannan ba zan rubuta ba, kuma ba zan shafa ba."

"To. Malam, yi muna addu'a."

Malam Uwais ya yi ta a gurguje. Aka shafa, tafuka suka bi fuskoki tun daga kujeru har ƙarshen tabarma. Lawwali ya ɗan tsaya da hannayensa a sama, ya saci kallon Yahuza, sannan shi ma ya shafa. Yahuza na tsaye, hannayensa a gefe, shi kaɗai.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba, Alhaji ya faɗe shi yana sa takalmi. Kafin kasuwa mai zuwa Yahuza ya kwashe kayansa daga rumfar ƙungiya. Daga yau ba ɗan dakon da zai taɓa buhunsa, ba dillalin da zai kai masa mai saye.

Ya koma rumfarsa ya zauna a kan buhu, ya ciro waya. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce akwai waken da aka fito da shi daga sito magani bai gama fita ba, ya ce yara uku na kwance kuma ɗaya 'yar yayarsa ce, ya ce duk wanda zai sayi wake a kwanakin nan ya damƙa a tafi ya shinshina, in ya ji wari ya ajiye komai sauƙinsa, wanki ba ya fitar da shi. A ƙarshe ya ƙara da cewa shi ma ya sani tun farko bai faɗa ba, a yafe masa. Sabis ya yi ta wasa da shi, sai da ya fito bakin rumfa ya ɗaga wayar sama, a gaban idon duk layi, sannan rubutun ya tafi.

Kafin la'asar maganar ta zaga. A ƙarƙashin rubutun wasu na sa masa albarka, wasu na kiransa butulu mai tona asirin garinsu, wata mata daga Tafoki na tambaya ko wanda ta riga ta jiƙa ma zubarwa za ta yi. Ya amsa mata, ya bar masu zagin da abinsu. A layi kuwa sai ka ce annoba ce ta sauka a rumfarsa. Maƙwabcin da suke cin tuwo kwano ɗaya ya juya kujerarsa ya ba shi baya. 'Yan dako na wucewa idonsu a ƙasa, masu saye kuma dillalai na tare su tun daga bakin layi. Tsoro ya kama Yahuza sosai, ya zauna yana tunanin inda zai kai buhunan nan da kuma abin da zai gaya wa matarsa. Amma ko kaɗan bai ji yana son ya goge rubutun ba.

Ana idar da sallar la'asar sai ya ji ana taɓa buhunan da ya kare bayan rumfa da su. Ya leƙa. Muttaka ne, direban Alhaji, ya raɓe a lungun da ake zubar da ƙaiƙayi, da ɗan buhu a naɗe a hammata.

"Hajiya ta ce a auna kamar kullum," ya ce ƙasa-ƙasa. "Alhaji ya ce in biyo ta baya."

Yahuza ya tsaya yana kallonsa. "Yau ma? Bayan abin da ya hwaru?"

"To mi za a dahwa? Gobe akwai baƙi."

"Muttaka, sito cike da wake."

Muttaka ya dube shi kamar wanda ya yi tambayar yara. "Haba Yahuza. Rabon da a ɗora waken sito a tukunyar gidan nan ai tun ranar da ka hwara ɗura naka a leda. Hajiya ko ƙyalla ido ta yi ta ga na sito sai ta sa a mayar. Shi kanshi Alhaji bai ci."

Sai yanzu Yahuza ya gane. Ashe shekarun nan duka ba gwiwarsa ake ƙarfafawa ba. Ya tuna yadda yake zaɓo wa gidan Alhaji mafi kyau, yana cika tiya har tana zuba, yana godiya a ransa. Ya tuna Lawwali a tsaye a taro yana rantsuwa da abin da 'ya'yansa ke ci. Dariya ta so ta kubce masa, ba ta daɗi ba.

Ya karɓi buhun, ya ɗauki tiya ya auna kamar yadda ya saba, ya cika, bai rage ko ƙwaya ba. Ya ɗaure baki. Muttaka ya miƙo hannu ta lungu.

"Bari," in ji Yahuza. "Saƙon gidan ubangidana ne, ba ta bola zai bi ba."

"Don Allah ka ruhwa mini asiri."

"Kai ba ruwanka. An hana 'yan dako taɓa kayana, to ni ma ɗan dako ne, ban manta ba."

Ya saɓa buhun a kafaɗa ya fito ta gaba. Ya bi tsakiyar layi ba gaggawa, masu awo suna tsayar da tiya suna binsa da ido, har ya kai rumfar Alhaji Gide da ke bakin layi. Alhaji na zaune a kujerarsa da manyan masu sito. Lawwali na durƙushe a gefe, ana cika masa buhu daga waken sito don awon gobe.

Yahuza ya yi sallama, ya sauke buhun a gaban ƙafafun Alhaji, ya russuna kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Alhaji, ga waken gida. Hajiya ta aiko Muttaka, kamar kullum. Na leda ne, ba magani."

Bai ɗaga murya ba, amma rumfar ta yi tsit har maganar ta kai rumfa ta gaba. Alhaji ya dubi buhun, ya dubi carbin da ke hannunsa. Murmushin nan nasa ya neme shi ya rasa.

Lawwali ya saki bakin buhun da yake riƙe da shi, wake ya zube a ƙasa. Ya dubi ɗan buhun da ke gaban Alhaji, ya dubi nasa.

"Alhaji," ya ce, "ashe ba na sito kuke ci ba?"

Yahuza ya kakkaɓe kafaɗarsa, ya juya ya koma rumfa ya fara ɗaure buhunansa. Yana so ya leƙa asibiti kafin magariba.